BINDIGAR DA KE CIN MAI ITA

Ƙasar Ɗanja ƙasar noma ce, kamar sauran maƙwabtanta na kudancin Jihar Katsina. An san ta da rake da tumatir da masara, kuma a dā in an ga bindiga a Dabai ko Tandama ko Kahutu, to, a kafaɗar maharbi take, ko kuwa a hannun 'yan bindigar hakimi ranar hawan Salla. Amma tun sa'ad da ɓarayin daji suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, masifar kuma ta gangaro har ƙauyukan Bakori da Funtuwa da Malumfashi, bindiga ta shiga cikin kayan aikin manomi tare da fartanya da garma. Samarin da ba su gaji harbi ba, waɗanda ba su taɓa zama gaban wani tsohon maharbi sun ga yadda ake ɗuri ba, su ne yanzu ke kwana a bakin gari da bindiga a hannu.

Hukuma ma da hannunta a cikin wannan canji. A watan Disamba na 2021 Gwamnan Katsina na lokacin, Alhaji Aminu Bello Masari, ya yi kira ga mutanen karkara da su nemi makamai su kare kansu. A watan Yuni na 2022 Gwamnatin Zamfara ta yi irin wannan kira. Sa'an nan a watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina, aka ɗebi matasa daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. An yi ta muhawara a rediyo da jaridu a kan ko daidai ne talaka ya riƙe makami ko ba daidai ba ne. Abin da aka tsallake a cikin muhawarar duka shi ne wace irin bindiga ce talakan ya riƙe, da kuma abin da yake zuba mata a ciki. Alhali kuwa nan ne ran mai bindigar ya rataya tun kafin ya haɗu da ɓarawo.

Bindigogin da ke hannun mutanen karkara masu harbi ɗaya-ɗaya iri uku ne. Akwai bindigar toka, wadda wasu ke kira harbi-ruga, ita ce ake ɗura wa albarushi da dalma ta baki a danna da sanda. Akwai bindigar farauta mai baki ɗaya ƙirar masana'anta, wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata harsashi mai kwanso. Ta ukun ita ce kwaikwayon ta biyun, watau wadda maƙeri ya duba ta Turai ya ƙera irinta, da bututun famfo ko sandar sitiyarin mota ko duk wani ƙarfe mai rami da ya samu. Ita ma ana karya ta, ita ma tana karɓar harsashi mai kwanso, in an shafe ta da baƙin fenti ma sai an matso kusa za a rarrabe. A wurin mai saye, tun da harsashin ya shiga ya zauna daram, magana ta ƙare. Wannan zato kuwa shi ne ya raba mutane da yawa da yatsunsu.

Dalili shi ne abin da ke faruwa a mazaunin harsashi, watau ɗan wurin nan na gindin bututu inda kwanso ke zama, a daidai lokacin da aka ja kunama. Albarushi na ƙonewa cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai zafi, iskar kuwa ba ta san gaba ba, ba ta san baya ba, ko'ina take turawa da ƙarfi ɗaya. Dalma na fita ta baki ne domin nan ne kaɗai ƙofar da ba a kulle ba. In ƙarfen gefe ko makullin baya ya fi rauni, ta nan za ta ɓulle. Ana auna wannan matsi da ma'aunin da ake kira bar. Iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 da ɗan kai ba. Harsashin farauta na yau da kullum mai lamba 12, bisa ƙa'idar hukumar gwajin bindigogi ta ƙasashen Turai, an yarda matsinsa ya kai bar 740, mai ƙarfin cikinsu kuma bar 1,050. Watau fiye da sau 300 na iskar taya, a cikin ƙarfen da ke tazarar taki ɗaya daga idon mai harbi, hannunsa na hagu kuma na riƙe da shi. Bututun famfo ruwa aka yi shi ya ɗauka, yawancinsa kuma falle ne na ƙarfe aka naɗe aka bi shi da walda daga kai har gindi. Wannan layin walda shi ne inda yake tsagewa.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba lalle ne ya tsage a harbin farko ba. Yakan yi harbi goma, ko hamsin, mai ita ya riƙa yabon maƙerinsa a kasuwa. Amma kowane harbi yana barin ɗan rauni a jikin ƙarfen da ido ba ya gani, tsatsa na ƙara ci ta ciki, har ranar da za a yi harbin da ba a bambanta shi da na jiya da komai ba, ƙarfen ya buɗe.

Kuskure mafi muni, wanda kuma ya yawaita tun da harsasan zamani suka yawaita a karkara, shi ne haɗa albarushi biyu da ba su da dangantaka sai ta suna. Baƙin albarushi na gargajiya, mai hayaƙi da warin farar wuta, shi aka ƙera bindigar toka dominsa, kuma da shi kakanni suka auna kaurin ƙarfenta. Wanda ke cikin harsashin zamani kuwa wani abu ne dabam, marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya fara haɗawa a 1884. Ɗan kaɗan daga cikinsa ya fi mai yawa na baƙin ƙarfi, sa'an nan yana da wata ɗabi'a: gwargwadon yadda aka matse shi, gwargwadon saurin ƙonewarsa, saurin kuma ya ƙara matsin. Saboda haka a masana'anta da sikeli mai auna ƙwayar gero ake auna shi. Mutumin da ya farke harsashi ya juye garin cikinsa a bindigar toka, ya auna da tafin hannu yadda ya saba auna baƙin, bam ya haɗa ya kuma kara shi a kumatunsa. Haka nan wanda baƙin albarushi ya yanke masa ya kankare kan ashana ya cika. Ko a Turai da Amurka, inda ake ƙera bindigogin ɗuri da ƙarfe mai kyau don masu sha'awar kayan dā, a jikin bututun ake sassaƙa gargaɗi cewa baƙin albarushi kaɗai za a sa.

Ko bindigar masana'anta ta gaskiya ba kowane harsashi take ci ba, nan ma akwai jahilci mai yawa har a tsakanin masu ilmin boko. Lambar da ake kiran bindigar farauta da ita, 12 ko 16 ko 20, faɗin raminta take nunawa, kuma lamba na ƙaruwa rami na ƙanƙancewa: mai lamba 12 faɗinta wajen milimita 18 da rabi ne, mai lamba 20 kuwa ba ta kai 16 ba. In aka yi kuskure aka jefa harsashi mai lamba 20 a bindiga mai lamba 12, ba zai tsaya a mazauni ba, zai zarce ya maƙale a cikin bututu inda ba a ganinsa. Mai bindiga ya ja kunama ya ji shiru, ya karya ya ga wayam, ya ɗauka mantawa ya yi bai sa ba, sai ya ƙara mai lamba 12 a bayansa. Abin da zai biyo baya sananne ne a duk ƙasar da ake farauta, har ya sa masana'antu da yawa suka keɓe launin rawaya ga harsashi mai lamba 20 domin a gane shi ko da a gaggauce. Mai gadin dare da ke laluben aljihu cikin duhu, da harsasan da ya tsinto daga hannu daban-daban, launi ba zai cece shi ba.

Sai kuma tsawo. Harsashi mai lamba 12 kansa akwai mai milimita 65, da 70, da 76, da 89. Wannan awo kuwa na kwanson ne bayan an harba bakinsa ya buɗe, ba yadda yake a rufe ba. Don haka harsashi mai 76 yakan shiga mazaunin da aka yanka don mai 70 ba tare da wata gardama ba, bindiga ta rufu lafiya lau. Sai an harba, bakin kwanson ya rasa filin buɗewa, ya toshe wa dalma wani sashi na hanya, ga shi kuma dama ya fi ƙarfi tun daga masana'anta. Tsofaffin bindigogin Ingila da aka gada tun zamanin En'e, da yawansu masu gajeren mazauni ne, an kuma ƙera su kafin a san harsasan da ke kasuwa yau. Masana'anta takan rubuta lamba da tsawon mazauni a jikin bututu ko a ƙarƙashinsa. Kwaikwayon maƙera ba ta da rubutun komai, maƙerin da ya yi ta ma da harsashin da ke aljihunsa ya gwada, ya ga ya shiga.

Game da masu sa maƙeri ya gyara musu bindiga ta karɓi harsashin soja, ba a bukatar dogon bayani. Harsashin AK-47 matsinsa na kaiwa bar 3,550, kusan ninki biyar ke nan na harsashin farauta.

Kada a ɗauka wannan matsala ta ƙauye ce kawai ko ta rashin wayewa. A Italiya akwai masana'antu, irin su Pedersoli, da ke ƙera kwaikwayon tsofaffin bindigogin Amurka masu harbi ɗaya, kamar wadda sojan ƙasar suka fara riƙewa a 1873 mai cin harsashin da ake kira .45-70. Har yau ana yin wannan harsashi, girman kwansonsa bai canja ba, amma littattafan masu ɗura harsashi a Amurka sun kasa ƙarfinsa mataki uku gwargwadon ƙarfin bindigar da za ta ci shi. Mafi ƙarfin zai shiga kwaikwayon ta 1873 ya zauna kamar don ita aka yi shi, kuma duk da ƙarfenta na zamani ne, tsarin makullinta na dā ne, ba zai jure ba. To, in mutanen da ke da injiniyoyi da ɗakunan gwaji suna wannan taka-tsantsan da bindigar da aka ƙera da inji, ina ga wadda aka ƙera da zuga-zugi da guduma?

Turawa ma da jini suka koyi wannan darasi, kuma wani sashi na jinin na mutanen Afirka ne. Bindigogi masu araha da fatakensu suka riƙa jibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 18 da na 19, waɗanda bindigar toka ta samo asali daga gare su, an san su da fashewa a hannun mai harbi. A gida kuwa ba su yarda da haka ba. Tun 1637 maƙeran bindiga na Landan suka sami izinin sarki na gwada kowace bindiga kafin a sayar, a 1813 kuma majalisar dokokin Ingila ta kafa gidan gwaji a Birmingham, wanda har yanzu yana aiki. Yadda ake yi shi ne a ɗaure bindiga a ɗaki mai kauri, a sa mata harsashin da ya fi na kullum ƙarfi da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, a harba daga nesa, sa'an nan a duba ko ta kumbura ko ta tsage. In ta tsira a buga mata hatimi a jikin ƙarfe, in ba ta tsira ba ta mutu ita kaɗai ba ta tafi da hannun kowa ba. Sayar da bindiga marar wannan hatimi laifi ne a Ingila. A 1914 aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa a birnin Liège na Beljiyam don ƙasashe su daidaita awonsu su kuma amince da hatimin juna. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinta.

Dokar Bindigogi ta Nijeriya, wadda aka yi tun 1959, ta kasa makamai gida uku. Manyan makamai na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigogin farauta masu harsashi sai da lasin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, bindigogin ɗuri kuma al'amarinsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ta hana ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Duk waɗannan sharuɗɗa ne masu kyau, amma dukkansu a kan mutum suke. Hankalin dokar na kan wanda zai riƙe bindiga, bai kai ga ko bindigar ta cancanci a riƙe ta ba. Bugu da ƙari, ƙera bindiga mai cin harsashi a maƙera laifi ne babba a ƙarƙashin wannan doka, a 2023 kuma rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin. Ga Gwamnatocin jihohi sun ce a kare kai, ga ƙofar samun bindiga ta halal an tura ta. Talakan da ke tsakiya ya nufi wurin maƙeri da dare, ya sayi abin da ba mai iya tambayar ingancinsa, domin cinikin kansa a ɓoye aka yi shi.

Ɓoyon nan kuma shi ke biyo shi har bayan haɗari. Bindiga in ta fashe, hannun hagu da ido take fara ci, watau abin da manomi ke noma da shi. Wanda abin ya sama yakan ji tsoron zuwa babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi kada a tambaye shi takardar 'yan sanda, sai a kai shi wurin mai ɗori ko a yi ta wanke ciwon a kemis, har ya ruɓe. Sa'ad da za a yanke shawarar tafiya Shika, sau da yawa abin da ya rage wa likita shi ne yankewa. Dokar da aka sa wa hannu a 2017 ta wajabta wa kowane asibiti karɓar mai raunin bindiga ya yi masa magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, amma mutanen ƙauye nawa ne suka taɓa jin labarinta? Gidan da magidancinsa ya rasa hannu a watan Yuli ya rasa daminar bana, ya kuma rasa na baɗi.

Akwai masu cewa Hukuma ba ta da hurumin koya wa mutane yadda za su yi da makamin da doka ba ta yarda su riƙe ba, kuma yin haka tamkar ɗaure wa yaɗuwar makamai gindi ne. Maganarsu tana da nauyi, domin kowa ya ga ɓarnar da wasu 'yan sa-kai suka yi da sunan tsaro, yadda ɗaukar doka a hannu ya ƙara hura wutar gaba tsakanin manoma da makiyaya. Amma gaya wa mutum kada ya zuba garin harsashi a bindigar toka bai ƙara bindiga ko ɗaya a ƙasa ba, bai kuma ƙara wa ɓarawon daji komai ba, shi da ke riƙe da ƙirar masana'anta. Hasali ma duk wanda ya fahimci abin da bututun famfo ke fuskanta a kowane harbi, zai fi saurin rabuwa da shi a kan wanda aka yi wa barazanar ɗauri kawai.

Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin makamai da harsasai a cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka, saboda haka kafa gidan gwaji da tilasta buga hatimi aikin Majalisar Tarayya ne. Ba kuwa daga sama za a faro ba. Ma'aikatar ƙera makamai ta DICON tana Kaduna tun 1964, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda ba ta da nisa da Ɗanja, tana da sashen nazarin ƙarafa, ga kuma cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021, aka ƙarfafa ta da doka a 2024. Ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar shiyyar Funtuwa su ne za su fara ɗaga wannan magana, tun da mutanensu ne ke asarar gaɓoɓi.

Amma Gwamnatin Jiha ba ta da dalilin zama jiran Abuja a kan abin da ke hannunta. Duk wanda ta ɗauka aikin tsaro, ko ta yarda ya yi sintiri tare da jami'anta, wajibi ne ma'aikacin ɗakin makamai na 'yan sanda ya duba bindigarsa, a rubuta lambarta da tsawon mazauninta, a kuma ba shi harsashi iri ɗaya tak wanda ya dace da ita. Wadda aka samu ƙirar bututu ce mai cin harsashi a karɓe ta a lalata, kada a mayar masa, in ya miƙa da kansa kuma kada a tuhume shi. Rashin adalci ne a tura yaro daji da sunan Hukuma da makamin da Hukumar ba ta san cikinsa ba.

Game da bindigar toka, wadda doka ta san da zamanta, hanyar isa ga masu ita a buɗe take. Kowace gunduma tana da Sarkin Baka da Sarkin Maƙera, kuma hakimi in ya kira su za su zo. Tsofaffin maharba sun san abubuwan da samari ba su sani ba, abin da ya rage shi ne a haɗa su wuri ɗaya. Sun san ana yi wa sandar ɗuri alama domin a gane ko akwai ɗuri a ciki, kada a yi ɗuri kan ɗuri. Sun san dalma tilas ta zauna a kan albarushi ba tare da fili a tsakani ba, kuma bindigar da aka dogara bakinta a ƙasa da damina sai an duba ko laka ta toshe ta, domin toshiyar da ba ta kai kan yatsa ba ta isa ta fasa bututu. In an ja kunama ba ta tashi ba, a bar bakinta na duban inda ba kowa aƙalla minti ɗaya, kada a juyo ta a leƙa, don wuta takan yi jinkiri ta kama daga baya. Toka da baƙin albarushi ke bari tana jan laima ta ci ƙarfe, saboda haka wankewa da shafa mai bayan kowane harbi ba ƙawa ba ce.

Wannan bayani ba ya bukatar kwangila ko kwamiti mai motoci. Gidan Rediyon Jihar Katsina zai iya karanta shi da Hausa bayan labarun dare, malaman gona da ke zagaya ƙauyuka su ɗauke shi tare da bayanin taki, a kuma liƙa hotunansa a ofishin Ƙaramar Hukuma da kasuwannin Ɗanja da Bakori da Funtuwa. Ma'aikatar Lafiya kuma ta umarci asibitocinta su buɗe rajista ta musamman ta raunin fashewar bindiga, dabam da ta waɗanda aka harba, ta kuma sanar a masallatan Juma'a cewa mai irin wannan rauni ya zo asibiti a ranar da abin ya faru.